Kundin Aiki: Ƙirga Guraben Asid a Ziyolait ɗin Farar Ƙasar Ƙanƙara da Hasken Infirared

Katsina, 4 ga Nuwamba, 2024

Tambayar da aikin nan ya ɗauko guda ɗaya ce, ko da yake tana da rassa: ziyolait Y da muka haɗa daga farar ƙasar Ƙanƙara, guraben asid nawa ne a cikinsa, wane iri ne, kuma nawa ne ƙwayar sinadari za ta iya kaiwa gare su?

Ginin ziyolait na silikon ne da alminiyam da oksijin, cike da ramuka masu faɗi ɗaya. Duk inda alminiyam ya zauna a mazaunin silikon, ginin yakan rage da caji ɗaya da ke neman abokin zama. In sodiyam ne ya cike shi, babu asid. In kuwa haidurojin ne, sai ya zauna kan oksijin ɗin da ke tsakanin silikon da alminiyam, a sami Si–OH–Al, wato gurbin asid na Bronsted. Alminiyam da ya fice daga ginin, ko wanda haɗinsa bai cika ba, shi ke ba da gurbin Lewis. Matatar mai tana amfani da ziyolait Y wajen fasa mai nauyi ya koma fetur, kuma guraben Bronsted ne ke yin mafi yawan aikin. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna haɗa ziyolait daga wannan farar ƙasa. Abin da muke so mu ƙara shi ne ƙirgar asid ɗin ta hanyar ɗora firidin, wani sinadari mai kama guraben asid, a kansa da karanta shi da hasken infirared, hanyar da Parry ya kafa tun 1963.

Samfura uku ne a hannu. Namu na Ƙanƙara, sai NH₄Y (Y mai amoniyam) na saye mai Si/Al, wato rabon silikon da alminiyam, kusan 2.6, sai NH₄-ZSM-5, wani nau'in ziyolait daban, na saye mai Si/Al 40. Na ƙarshen shi ne magwajinmu: firidin na shiga dukkan ramukansa, don haka in ƙirgarmu ba ta kusanci yawan alminiyam ɗinsa ba, matsalar a hannunmu take, ba a dutsen ba.

Injin awon infirared ɗin FTIR ne mai ma'ajin haske na DTGS, wanda ba ya buƙatar ruwan naiturojin. Na MCT ya fi shi kaifi, amma a Katsina dogaro da ruwan naiturojin na kullum ba dabara ba ce. Za a riƙa ɗaukar zagaye 128 a tazarar 4 cm⁻¹. Bututun gwajin na gilashin kwaz ne mai sassa biyu, sashen tanderu a sama, sashen tagogin CaF₂ a ƙasa, ana hawa da sauka da mariƙin samfurin ta hanyar maganaɗisu daga waje.

18 ga Nuwamba

Kafin a yi maganar asid sai an tabbatar ziyolait ne a hannu. An yi wannan da faifan KBr, gishirin da hasken infirared ke ratsawa: miligiram 1 na samfur cikin miligiram 200 na KBr da aka busar a digiri 110, a niƙa, a matse da tan 8 zuwa 10.

Tudu a nan shi ne wurin da samfur ya shanye haske a sifektiram, wato zanen da injin ke fitarwa. Ɗanyar farar ƙasar ta nuna tudun OH na kawolinait, ma'adinin farar ƙasa, a 3695, 3669, 3652 da 3620 cm⁻¹, da na Al–OH a 913. Bayan gashi a digiri 700 na awa 3 waɗannan sun tafi, alamar ta koma metakawolin, wato farar ƙasar da wuta ta rushe gininta. Amma abu biyu sun ƙi tafiya. Na farko tagwayen tudu a 798 da 779, shaidar kwaz, yashin da tacewa ba ta gama fitarwa ba. Na biyu wani ɗan tudu a kusa da 3625, wanda ya rage bayan sauran sun ɓace. Muna zargin maika ce, wani ma'adini mai fallaye, domin OH ɗinta ba ya fita sai zafi ya wuce inda kawolinait ke sakin nasa. A riƙe wannan tudun a rai, zai dawo.

Farar ƙasa tana da silikon da alminiyam kusan ɗaya da ɗaya, wanda ya dace da ziyolait A. Don a kai ga Y sai da aka ƙara sodiyam siliket da NaOH, aka bar kwaɓin ya kwana awa 24 a zafin ɗaki, sannan aka dafa a digiri 95. Abin da ya fito yana da tudu a kusa da 575 cm⁻¹, na tagwayen zobe mai shida na fojasait (dangin ginin da ziyolait X da Y suke ciki), babban tudun ginin kuma a kusa da 1015. Wannan babban tudun yakan matsa sama idan silikon ya ƙaru, don haka yana taimakawa wajen bambance X da Y, waɗanda iyakarsu ke Si/Al 1.5. Sakamakon XRD, awon tsarin lu'ulu'u da hasken X-ray, da aka aika ya dawo da layin fojasait a digiri 6.2, na kwaz a 26.6, na maika a 8.8. Kason da aka bari a kan wuta fiye da awa 24 ya fara fito da layi a 12.4, wato ziyolait P ya soma cinye Y ɗin. An ware shi gefe.

9 ga Disamba

Musayar sodiyam da amoniyam. Giram 1 na ziyolait cikin mililita 20 na NH₄Cl mai ƙarfin mola 1, a digiri 80, ana juyawa awa 2, a tace, a sake da sabon ruwa har sau 3. Ana wankewa da ruwan da aka tace da tururi har sai ɗigon AgNO₃ ya daina sa ruwan wankin fari, alamar kuloraid ya fita. In aka bar kuloraid, lokacin gashi yakan zama HCl ya ci alminiyam ɗin ginin.

An busar a digiri 80 aka adana a siffar amoniyam. Ba za a gasa shi a waje ba. HY, wato Y ɗin da amoniya ta fita ta bar haidurojin, mai alminiyam da yawa ba ya jure a gasa shi sannan ya sake shan ruwan iska. Ginin yakan fara rugujewa. Za a kori amoniya ne a cikin bututun gwajin, inda iska ba ta taɓa shi.

13 ga Janairu, 2025

Wata guda ya tafi a kan matsa faifai, kuma ya cancanci haka, domin duk abin da za a karanta daga baya a nan yake samo asali.

Faifan KBr ba ya aiki a wannan mataki. KBr na shan ruwa, ba ya jure zafin digiri 450, kuma fotasiyam ɗinsa na iya musaya da haidurojin ɗin ziyolait ya kashe asid ɗin da ake son aunawa. Dole garin ziyolait zalla a matse shi ya tsaya da kansa. Mazubinmu milimita 13 ne, faɗin fuskarsa santimita murabba'i 1.33, don haka miligiram 13 na ba da kusan miligiram 10 a kowace santimita murabba'i. Nan ne daidai. In ya fi miligiram 20 a santimita, tudun OH na Y yakan shanye hasken gaba ɗaya, kansa ya baje, ba a iya auna shi. In ya gaza 6, faifan ba ya kaiwa mariƙi da rai.

Yadda ya fi fitowa: a niƙa garin a hankali a turmin agat, a zuba shi ta rariya mai laushi kai tsaye a kan ƙarfen mazubin don ya sauka bai ɗaya, a ɗora ƙarfen sama, a juya shi sau ɗaya da yatsa ba tare da dannawa ba, sannan a matse da tan 1 zuwa 2 na minti ɗaya. Sakin matsin ya fi matsawar muhimmanci; in aka saki da sauri faifan yakan tsage gida biyu. Ana zare shi da gefen reza ko da ɗan fallen maika. Faifai mai kyau in aka ɗaga shi ga fitila haske na ratsa shi daidai ko'ina, kamar ɓawon albasa. Wanda ke da ɗigon huda ko wuri mai duhu a zubar, domin haske zai bi ta hudar ya rage tsayin kowane tudu, kuma babu lissafin da zai gyara wannan.

Kada a ɗauki matsin faifan KBr a kawo nan. Tan 10 a kan ziyolait zalla na murƙushe lu'ulu'un, ya toshe hanyoyin da ke tsakaninsu, firidin ya ɗauki awanni kafin ya ratsa.

Hunturu ya kawo nasa. Garin da ya bushe ƙwarai ba ya haɗa jiki, yana kuma manne wa ƙarfe saboda cajin da busasshiyar iska ke tarawa. Ajiye shi dare ɗaya a rufaffen kwano tare da ƙaramin kofi na ruwan gishiri ƙosasshe ya magance wannan. Namu na Ƙanƙara ya fi na saye saurin karyewa, saboda ƙwayoyin kwaz ba sa matsuwa. Ƙurar hazo kuma tana da siliket a cikinta. Mazubi da tagogi a rufe suke sai lokacin aiki.

27 ga Janairu

Gashin farko a cikin bututu. Tsarin: a zuƙe iska a zafin ɗaki minti 30, a hau digiri 2 a minti zuwa 120, a tsaya awa 1, sannan a ci gaba zuwa 400 ga Y, ko 450 ga ZSM-5, a tsaya awa 3. Tsayawar nan ta 120 ba ado ba ce. Ziyolait Y na riƙe da ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. In aka yi gaggawa, ruwan zai zama tururi mai zafi a cikin ramukan ya fizge alminiyam daga ginin, a wayi gari an ƙirƙiro guraben Lewis da ba su nan tun farko. Haka in aka wuce digiri 550: guraben Bronsted biyu kan haɗu su saki ruwa su bar Lewis ɗaya. Ma'aunin zafi kuma a kusa da faifan ake sa shi, domin bangon tanderu yakan fi faifan zafi da digiri masu yawa idan babu iska a tsakani.

Alamar gashi ya kammala biyu ce: tudun amoniyam a 1450 ya tafi ƙaf, na ruwa a 1630 ma haka. Na farkon yana da hatsari na musamman, domin yana zaune daidai inda tudun Lewis na firidin zai fito. Na biyun kuma a lura, ginin ziyolait kansa na da raunanan tudu a kusa da 2000, 1870 da 1640, waɗanda ba sa tafiya. Ba ruwa ba ne. Biyun farkon ma amfani gare su, da su ake daidaita kaurin faifai da faifai. Ƙasa da 1300 kuwa babu abin gani, ginin ya shanye hasken duka.

ZSM-5 ya fito tsaf: tudu mai kaifi a 3610 na Si–OH–Al, ƙarami a 3745 na silanol (Si–OH) ɗin bayan lu'ulu'u, da ɗan kafaɗa a 3665 na alminiyam da ya fita gini. Y na saye ya ba da 3640, na OH masu kallon babban kogo, da 3545, na masu kallon ƙaramin kogon sodalait. Namu ya ba da biyun, amma gajeru, kuma na 3640 ya yi faɗi ta ɓangaren ƙasa.

Matsala biyu. An ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, famfo ya tsaya, tururin mansa ya koma baya cikin layin. Shaidarsa ta fito a 2960, 2925 da 2855 cm⁻¹, faifan kuma ya yi ruwan toka. Yanzu famfo da tanderu suna kan inbata, an kuma sa tarko mai ziyolait 13X tsakanin famfo da layi, da bawul mai rufe kansa in wuta ta tafi. Ta biyu giris ɗin bawul-bawul na gilashi: firidin na narkewa a cikinsa ya riƙa fitowa kwanaki bayan an gama. An maye gurbinsu da na Teflon.

17 ga Fabrairu

Firidin a kan ZSM-5.

An busar da firidin ɗin kwana biyu a kan ziyolait 3A da aka gasa. Iskar da ta narke a cikinsa an fitar da ita ta sanyaya kwalbar a ƙanƙara da gishiri, a buɗe wa famfo na daƙiƙa kaɗan, a rufe, a bari ya ɗumama, a maimaita. Duk wannan a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Firidin guba ne, yana kama wuta, kuma warinsa ba ya barin tufafi.

Faifan na digiri 150 aka sakar masa tururi na kimanin milibar 2 na minti 30, sannan aka zuƙe awa 1 a wannan zafin. Me ya sa 150? A zafin ɗaki firidin na manne wa komai, har silanol da bangon ramuka, ya ba da tudu a 1445 da 1597 da ke rufe na Lewis. A 150 wannan raunanan mannuwar na saki, ƙaƙƙarfar ta zauna. Kuma a wannan zafin ne mai bincike Emeis ya auna alƙaluman da muke amfani da su wajen mai da girman tudu yawan gurabe.

Abin da aka gani: 3610 ya ɓace gaba ɗaya, 3745 ya kusan komawa yadda yake. Sabbin tudu sun fito a 1545 da 1635, na firidin da ya karɓi haidurojin, wato Bronsted. Ƙanana a 1455 da 1622, na Lewis. Da dogo a 1490 wanda duka biyun ke ba da gudummawa a cikinsa, shi ya sa ba a ƙirga da shi. Ɓacewar 3610 ita ce hujjar cewa firidin ya kai ko'ina, duk da ramukan ZSM-5 ba su wuce angistirom 5.1 zuwa 5.6 ba, kusan girman ƙwayar firidin ɗin kanta.

Lissafin Emeis na 1993 ya ba tudun 1545 alƙalami 1.67, na 1455 kuma 2.22, da santimita a kowace maikuromol. In aka juya shi, yawan Bronsted da milimol a giram shi ne 1.88 sau faɗin ƙarƙashin tudun, sau R², a raba da nauyin faifan da miligiram. Na Lewis 1.42 a madadin 1.88. R rabin faɗin faifan ne da santimita, a wurinmu 0.65. A ce faɗin tudun ya kai 6.0, faifan miligiram 12.5 ne: amsa 0.38. Yawan alminiyam a Si/Al 40 kuwa, gurbi ɗaya ne a kowane giram 2460 ko kusa, wato 0.41. Namu ya faɗo kusa da wannan, ɗan abin da ya rage kuma tudun Lewis ya cike shi. Magwaji ya tsaya da ƙafarsa.

Abu biyu da ke motsa amsar fiye da yadda ake zato. Na farko iyakar da aka ja layin tushe. Mun tsayar da 1565 zuwa 1515 ga Bronsted, 1465 zuwa 1435 ga Lewis, kuma ba za a canza ba har ƙarshen aikin. Na biyu, sifektiram ɗin da ake ɗebewa dole a ɗauke shi a zafi ɗaya da wanda ake ɗebewa daga cikinsa. Tudun OH na matsawa ƙasa idan faifan ya yi zafi, in aka ɗebe na sanyi daga na zafi sai a sami wani lanƙwasasshen abu da ke kama da sabon tudu. Alƙaluman Emeis ɗin kansu ma matsakaici ne da ya samo daga samfura da dama. Wasu ɗakunan gwaji sun auna nasu sun sami daban. Sun isa a kwatanta samfur da samfur a inji ɗaya, amma lamba ta uku bayan ɗigo ba ta da ma'ana.

10 ga Maris

Zafi ya shigo. Da rana kwalbar firidin na ɗumama fiye da tagogin da ke cikin injin, tururin ya taru a kansu ya ba da tudu a 1438 da 1580 ko an ɗaga faifan daga hanyar haske. Maganin: kwalbar ta zauna a ruwan ƙanƙara, a naɗe layin da wayar ɗumi a digiri 60, a kuma ɗauki sifektiram ɗin bututu babu faifai kafin kowane awo. Awo ya koma safiya da dare.

14 ga Afrilu

Ziyolait Y biyun, kuma a nan aikin ya yi nauyi.

Y na saye mai Si/Al 2.6 na da alminiyam kusan milimol 4.6 a giram. Firidin bai ƙirga ko rabin haka ba, kuma ba a sa ran zai ƙirga. Tudun 3640 ya tafi duka, amma mafi yawan 3545 ya zauna, domin ƙofar kogon sodalait zobe mai shida ce da firidin ba ya ratsawa. Ga kuma ƙarancin wuri: akwai alminiyam kusan 53 a kowane tubalin ginin da manyan kogo 8, kusan bakwai ke nan ga kowane kogo, alhali ko sinadarin benzin, mai kusan girman firidin, ba ya wuce biyar zuwa shida a kogo, balle ƙwayoyi masu caji iri ɗaya da ke ture juna. Don haka a Y, lambar firidin ba yawan asid ba ce, yawan wanda ƙwaya mai wannan girman ke iya kamawa ne. Ga mai tunanin matatar mai wannan ce lambar da ta fi amfani, amma kada a rubuta ta da sunan jimillar asid.

Namu ya faɗo ƙasa da na saye sosai. Dalilan da muke bi, bisa ga abin da sifektiram ya nuna:

Tudun 1455 ya zo da maƙwabci a 1443, tare da wani a 1595. Da aka ɗaga zafin zuƙewa zuwa 250 maƙwabcin ya tafi, 1455 ya zauna. Firidin ne a kan sodiyam da musaya ba ta cire ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Musayar amoniyam a Y takan tsaya a kusan kashi 70 cikin 100, domin sodiyam ɗin ƙananan kogo ba ya fitowa cikin sauƙi. In aka haɗa 1443 da 1455 aka auna tare, za a ba samfurin guraben Lewis da ba nasa ba.

Sannan bayan firidin ya cinye 3640, wani tudu ya rage a 3625, bai motsa ba ko kaɗan. Shi ne na watan Nuwamba. OH ɗin maika ne, a kulle cikin fallayenta, ba asid ba ne, kuma shi ya sa 3640 ya yi faɗi tun farko. Duk wanda zai ƙiyasta asid ɗin ziyolait ɗin farar ƙasa daga tsayin tudun OH kaɗai, wannan zai ruɗe shi.

Na uku nauyin banza. Kwaz, maika da metakawolin da bai narke ba duk suna hawa ma'auni, amma ba su da gurbi ko ɗaya.

12 ga Mayu

Gyaran nauyi. Nauyin da ke cikin lissafin Emeis na busasshen faifai ne, ma'auni kuwa jiƙaƙƙe yake aunawa. Faifan Y mai miligiram 13 da kashi ɗaya cikin huɗu ruwa ne, busasshensa 9.75 ne, in aka raba da 13 amsar za ta ragu da kashi 25 cikin 100. ZSM-5 bai sha wannan sosai ba domin ba ya son ruwa kamar Y, shi ya sa magwajin bai tona matsalar ba. Yanzu kowace ranar matsa faifai ana auna giram 0.5 na garin, a gasa a digiri 500, a sanyaya a rufaffen kwano mai busarwa, a sake aunawa nan take. Amoniyar da ta fita ma tana cikin ragin, kuma daidai ne, tunda faifan da ke cikin bututu shi ma ya rabu da ita.

An kuma gwada abin da aka guje wa a Disamba, don a ga girmansa: an gasa NH₄Y na saye a tanderun waje, a tare cikin kofi mai zurfi, aka bar shi ya sha iska kwana ɗaya. Tudun 3640 da 3545 sun ragu, 3745 ya ƙaru, sabo ya fito a kusa da 3600, kuma 1455 ya yi tsawo. Gari ɗaya, gashi daban, amsa daban.

16 ga Yuni

Ƙwayoyi biyu, ƙarama da babba, don a ga iyakar abin da firidin ke faɗa.

Asetonaitiril mai diyuteriyam, CD₃CN, aka ɗauka, ba na yau da kullum ba. A CH₃CN rawar C≡N na cakuɗewa da wata haɗaɗɗiyar rawa ta ba da tudu biyu a 2254 da 2293 tun a kwalba, daidai inda ake son karatu. Diyuteriyam na kawar da wannan. Ana sakinsa kaɗan-kaɗan a zafin ɗaki, domin ba ya riƙe gurbi da ƙarfi kamar firidin. A ZSM-5 an ga 2298 na Bronsted, 2325 na Lewis, 2278 na silanol, sai 2265 idan ramuka suka fara cika. Ba ya ƙwace haidurojin ɗin, jan sa kawai yake, don haka 3610 bai ɓace kawai ba, ya baje ya zama faffaɗan tudu uku a kusa da 2800, 2400 da 1700. Ba iri uku na asid ba ne. Tudu ɗaya ne mai faɗi da wasu rawa biyu na OH ɗin suka yi wa giɓi. A Y na Ƙanƙara amfaninsa shi ne ya raba alminiyam na Lewis da sodiyam fiye da yadda firidin ya yi, domin tazarar da ke tsakaninsu ta fi 12 cm⁻¹ ɗin da firidin ke bayarwa.

Kolidin kuwa, ɗan'uwan firidin da ya fi shi girma, faɗinsa angistirom 7.4 ne, daidai da ƙofar babban kogon Y, ya fi ƙarfin ramukan ZSM-5. A ZSM-5 tudun 3610 kusan bai taɓu ba, ɗan tudu kawai a kusa da 1635 daga guraben bakin ramuka. A Y na saye ya shiga, ko da yake a hankali. A namu ya fi jinkiri sosai, kuma bayan awa 2 a digiri 150 wani ɓangare na 3640 na nan. Fassarar da ta fi zama mana ita ce ragowar metakawolin da siliket sun lulluɓe bayan lu'ulu'un sun ƙuntata ƙofofi. In haka ne, tsawaita kwanan kwaɓin da ƙara wanki ya kamata su rage shi.

21 ga Yuli

Damina. Layukan tururin ruwa sun cika 3500 zuwa 3900 da 1300 zuwa 2000, wato daidai wurare biyun da muke karantawa, ga CO₂ a 2349 kusa da wurin asetonaitiril. Abin busarwar cikin injin ana canza shi kowane mako yanzu, domin mai raba hasken na KBr ne, in ya sha laima ya dusashe ba ya gyaruwa. Ana hura busasshen naiturojin a ɗakin samfur minti 20 kafin awo. Ɗebe tururin da manhaja na yiwuwa, amma yana barin ƙananan haƙora a kan 1545 da 1455, kuma a samfur mai ƙarancin asid haƙoran na iya kai wani kaso na tudun kansa.

Sabon kaso na Ƙanƙara ya shiga hannu. An jiƙa farar ƙasar, aka bar yashi ya kwanta aka tsiyaye saman sau da dama, tagwayen 798 da 779 sun ragu ƙwarai, layin maika ma haka. An yi musaya sau 3, aka baza garin siriri a faranti aka gasa a digiri 400, don sodiyam ɗin ƙananan kogo ya fito, sannan aka sake musaya sau 2.

11 ga Agusta

Sabon kason ya ba da 1545 mafi tsawo fiye da tsohon, 1443 ya kusa ɓacewa, 3625 ya zama ɗan kafaɗa. Amma 1455 ya ƙaru, wato gashin tsakiyar ya fitar da wani alminiyam daga gini. Za a gwada digiri 350 a kaso na gaba, a kuma aika duka biyun XRD a ga ko layin 6.2 ya ragu. Zuƙewa a 250, 350 da 450 bayan firidin, don kwatanta ƙarfin guraben, an gama a ZSM-5 da Y na saye. Na sabon kason ya tsaya a 350 saboda faifan ya tsage, sai an matsa wani.

Metanol a kan ZSM-5 an fara shi a gefe, tunda wannan ziyolait ne aka yi amfani da shi a masana'antar Motunui ta Niyu Zilan da ta fara mai da metanol fetur a 1985. A zafin ɗaki ya ba da faffaɗan tudu irin na asetonaitiril. Bayan ɗumamawa zuwa 250 da zuƙewa, an ga 2980 da 2868 na metoksi (O–CH₃ daga metanol) a gurbin asid, da 2957 da 2855 na metoksi a kan silanol. Biyun ƙarshen suna zaune kan wurin man famfo, don haka ba za a karɓi wani awo ba sai sifektiram ɗin bayan gashi ya fito fes tsakanin 3000 da 2800. Mako mai zuwa za a hau zuwa 350 a bi fitowar tudun baƙin kabon a kusa da 1590, sannan a maimaita a Y na Ƙanƙara idan sabon faifan ya tsaya.